Wa Zai Riƙe Ofis?

Shekara huɗu ke nan Sakatariya tana zaune a ɗakin nan mai taga ɗaya, tsakanin injin fotokofi da durowar fayil. Bincike ake yi a kan farantan sola, yadda zafi ke cin ƙarfinsu da irin batirin da zai fi daɗewa. Ita ma lantarki ta karanta. Ranar da ta zo neman aiki, Farfesa, shugaban binciken kuma aminin mahaifinta, ya ce ta ɗan riƙe ofis na wata shida kafin a samu gurbi a filin gwaji.

Ita ke tsara taro, ta nemo mota, ta bi kowa da tunin ranar miƙa rahoto. In ma'aikatan fili suka kawo sakamakon awo, ita ke shigarwa a kwamfuta, kuma sau da yawa ita ke gano an karanta mita ba daidai ba. Sai su kwashe da dariya: "Injiniyar tebur ta kama mu!"

Da ɗaya daga cikinsu ya ajiye aiki, Farfesa ya sa ta buga sanarwar neman wani. Ta buga, ta ɗora tata takardar a sama, ta kai masa.

Ya karanta, ya cire tabarau. "'Yata, cancanta kam kin cancanta. To amma wa zai riƙe mana ofis? Kwana uku kika yi zazzaɓi, ko makullin sito muka kasa samu."

"Baba, zan koya wa wani. Wata guda ya isa."

"Baƙi masu duba aiki suna tafe. Bari su zo su tafi, sai mu yi magana."

Haka ya ce bara ma.

A gida ta gaya wa mahaifinta tana so ta bar wurin. Ya ce, "Mutumin da ya ɗauke ki lokacin da kowa ya ƙi? Da wane ido zan dube shi?" Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ranar intabiyu ita ta jera kujeru, ita ke kiran suna. Wata mai nema da ke zaune kusa da teburinta ta raɗa mata, "Yaya, don Allah me suke tambaya?"

Sakatariya ta dube ta. Sannan ta jawo takarda ta zana mata yadda ake haɗa faranti da batir, ta nuna mata inda mutane suka fi yin kuskure.

Matar aka ɗauka. Washegari Farfesa ya leƙo ya ce a shirya mata takardar kama aiki da hular kwano da takalmin fili. Sakatariya ta ɗauki waya ta kira ta, ta tambaye ta takalmi lamba nawa take sawa.