Katin Mbah Bai Ɓata Ba

"Ba zan rubuta haka ba, Pak Dukuh."

Mai unguwarmu ya dube ni ta saman tabarau kamar wanda akuyarsa ta buɗe baki ta yi masa magana. Muna zaune a barandar gidansa, farar takarda da biro a kan tebur, ga shayin da matarsa ta kawo min yana hucewa ban taɓa ba.

"Kalma ɗaya ce fa, Nduk, 'yata. Ki rubuta kati ya ɓata, in sa hannu, 'yan sanda su buga hatimi, ki wuce banki. Kafin wata ya mutu kakarki ta samu sabo. Ina abin wahala a nan?"

"Ai bai ɓata ba, Pak. Yana cikin jakar Bu Warsiti. Da idona na gan shi."

Ya waiwaya wajen labule, ya rage murya. Bu Warsiti yayar matarsa ce.

A ƙauyenmu ba a sata. Kaza ɓata take yi, buhun masara ɓata yake yi, har babur ɗin limaminmu ya taɓa ɓata ya je ya tsinci kansa a gidan surukin wani. Haka muke faɗa, saboda gobe da wanda ya ɗauka za ka kama gawa ɗaya zuwa maƙabarta. Ni ma da wannan kalmar na tashi, kuma ban taɓa ganin laifinta ba sai da aka ɗora ta a kan kakata, Mbah Saminem.

Katin na tallafin abinci ne, wanda ake ba marasa ƙarfi su karɓi shinkafa da ƙwai. Tun ina makarantar koyon koyarwa a Wonosari, Bu Warsiti, shugabar ƙungiyar matan da ke karɓar tallafin, ta tattara katunan tsofaffi har da lambobin sirrinsu. Ta ce tausayi ne, kada tsofaffi su riƙa hawa babur a hanyar dutse. Ita za ta je ta karɓo, ta raba. Da na dawo gida na buɗe tukunyar ajiyar Mbah, na tarar da ɓarzajjiyar shinkafa mai ƙwari, wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Ƙwai kuwa sai labari.

Na je na roƙi katin cikin ladabi, har da rusunawa. Bu Warsiti ta dafa ƙirji ta ce ai tuni ta mayar wa Mbah, tsohuwa ce ta yar. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa Mbah Saminem ta fara ruɗewar tsufa, ba ta san inda take ajiye abu ba. Matar da take iya lissafo maka ranar haihuwar kowane yaro a unguwar nan, da ranar kasuwar da ta faɗo a kai!

Ba a daɗe ba na haɗu da Bu Warsiti a kantin da ake goga katunan. Ta zaro damin katuna ɗaure da roba, na Mbah na sama. Ba zan ɓata shi ba: gefensa akwai jan tabo na ganyen sirih da Mbah ke taunawa, inda ta taɓa riƙe shi da yatsa mai danshi.

Duk wannan na faɗa wa Pak Dukuh a barandar nan. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya.

"Ratri, ke kin yi karatu, amma karatu daban, zaman tare daban. In kin ce ya ɓata, tsohon kati ya mutu a hannun duk wanda yake riƙe da shi. Kin samu abin da kike so, ba wanda ya ji kunya. Ba shi ke nan ba?"

"Akwai wadda za ta ji kunya, Pak. In na rubuta ya ɓata, wa ya ɓatar?"

Ya ce dai shi hannunsa ba zai hau takardar da ke kiran sunan mutum ba. Na yi masa godiya kan shayin da ban sha ba, na tafi.

A gida na sami Mbah tana shanya ɓararren rogo a kan tabarma. Na gaya mata yadda muka yi, da abin da zai biyo baya in na kai ƙara: za a tsayar da tallafin sai an gama bincike, kuma ba wanda ya san ranar gamawa.

"Kai, Nduk, bakinki irin na kakanki ne, ba ya shiga inuwa," in ji ta. Ta ci gaba da jera rogo. Can ta ce, "Da gaske Warsiti ta ce na ruɗe?"

"Ta faɗa, Mbah. A wajen wankin kaya, gaban kowa."

"Ni na yanke wa yarinyar nan cibiya." Ta tofar da jan yawu gefe. "Je ki faɗi abin da kika gani. Tiwul bai kashe ni ina yarinya ba, ba yanzu zai fara ba."

Tiwul shi ne abincin da muke yi da garin busasshen rogo idan shinkafa ta gagara. Masu kuɗin birni suna zuwa su saya da sukari da kwakwa, su ce yana tuna musu da da. Mu ba ya tuna mana komai, cika ciki kawai yake yi.

A ofishin 'yan sanda na tarar da wani mai tumbi yana cin soyayyen tempe, wainar waken soya, a bayan na'ura. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Me ya ɓata, Mbak, 'yar'uwa? Katin shaida ko na banki?"

"Ba abin da ya ɓata, Pak. Ɗauka aka yi."

Ya ajiye tempen. "To fa! Ku zo ku ga yau an yi sata a ƙauyen waliyyai." Abokan aikinsa suka yi dariya. Ya ce takardar ɓata kafin ya gama tauna wannan lomar ya buga min ita, amma ƙara doguwar hanya ce, sai an kira shaidu, sai an sanar da ofishin jin daɗin jama'a. "Wacce kike so, Mbak malama?"

"Doguwar."

"Kin ci abinci kuwa? Don masu zaɓar doguwar da yunwa suke ƙarewa."

"Rubuta dai, Pak. Sunanta Warsiti, in kana so in harhaɗa maka baƙaƙen."

Ya rubuta.

Daga ranar garin ya yi mana sanyi. Ba wanda ya zage ni, mu ba ma zagi. Gaisuwa ce ta gajarce. In na iso rijiya hira ta koma ta tsadar barkono. Shugabar makarantar ƙananan yara da nake koyarwa ta kira ni, da murmushinta, ta ce yara sun ragu bana, in ɗan huta tukuna. Tsofaffin da katunansu ke cikin damin nan, da mai bincike ya zo, kowacce ta ce ita da kanta ta ba da nata ajiya, kuma ba ta da kuka. Ban ji haushinsu ba. Ɓarzajjiyar shinkafa ta fi babu.

Sau da yawa Bu Dukuh, matar mai unguwa, na tare ni a hanya ta kama hannuna. "Nduk, ki je ki ce kuskure kika yi, idonki ne ya gani ba daidai ba. Yau ɗin nan a gama. Ba kya tausayin tsohuwa?" Wannan tambayar ce ta fi yi min ciwo, domin ina ganin yadda Mbah ke jiƙa tiwul da ruwan zafi kafin dasashinta ya iya da shi. Nakan ce, "Ina tausayinta, Bu. Shi ya sa."

Da lokacin sadakar tunawa da kakana ya zo, ranar da a al'ada matan unguwa ke cika kicin tun da safe, wannan na yanka albasa, waccan na kankare kwakwa, ba wadda ta leƙo. Kowacce ta aiko da uzuri mai kyau. Ni da Mbah muka yi girkin mu biyu, da shinkafar da na sayo bayan na sayar da 'yan kunnena. Maza suka zo suka yi addu'a, don ba a ƙin addu'ar mamaci, suka karɓi ƙunshinsu suka fice ba hira.

Sai da ruwan sama ya sauka aka kira mu banki. Bu Warsiti ta ajiye shugabanci, wai hawan jini ya matsa mata, ba wanda ya ƙara cewa komai. Ma'aikaciyar ta miƙo sabon kati wajena, na nuna mata Mbah. Mbah ta karɓa, ta zaɓi lambarta da kanta, ta soke katin cikin ɗamararta.

Har yau in na wuce ana cewa ga jikar Saminem mai kai mutane wajen 'yan sanda. Rani guda muka yi muna cin rogo safe da yamma. Mbah ta rame har zaninta na zagaya ta da saura, kuma jikin bai dawo ba. Aikina na koyarwa an ba wata, kuma ranar da za a yi wani taro a gidanmu na san ni kaɗai zan tsaya a kicin. Abin da ƙin rubuta kalma ɗaya ya ci mana ke nan. In aka sake ajiye min takardar, ba zan rubuta ba.