Kyandir a Hannun Veturia

Matata Veturia ba ta taɓa barin ciwo ya kwana a jikinta ba. Mura ce ko haƙori, sai ta buɗe gwangwanin da take tara ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta, nata da na maƙwabta, ta haɗiyi biyu ta koma gona. 'Yarmu Smaranda ta yi faɗa har ta gaji. Uwar takan ce, "Mun kai ki jami'a don ki dawo ki hana mu magani?"

Bara ciwon mafitsara ya shiga jinin Veturia. A asibitin birni suka ce sai sun raini ƙwayoyin na 'yan kwanaki kafin su san maganin da zai ci su.

Smaranda ba ta jira ba. Ta ɗebi ƙwayoyin cutar uwarta, ta ja ni ɗakin bincikensu na jami'a, inda suke gwada wata na'ura. A kan ɗan gilashi kamar farce ake ɗiga ƙwayoyin da magani, a sakar musu lantarki kaɗan, a haska su, a kalle su a allo. Ta ce wadda magani ya kashe takan saki gilashin ta dushe, mai rai kuwa tana nan maƙale tana ƙyalli.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na tsufa ina jan babbar mota zuwa Istanbul, na iya karanta fuskar ɗan kwastan tun kafin ya buɗe baki. Fuskar Smaranda nake kallo, ba allon ba. Ta sa magani, ta canza wani, har ta kai kwalbar ƙarshe. Suna nan suna ƙyalli, babu maganin da ya ci su.

Ta ce na'urar gwaji ce, tana iya kuskure, mu bar Mama a asibiti.

A al'adarmu ba a barin mutum ya cika babu kyandir mai ci a hannunsa, don kada ya tafi cikin duhu. Ɗakin da Veturia take kwance kuwa ana ba da iskar numfashi, ko ashana ba a ƙyastawa.

Na ce, "Smaranda, aikinki ne. Kin yarda da shi?"

Ta ce, "Na yarda, Baba."

Muka kai Veturia gida. Da ta ga kyandir ɗin ta ce, "Tsoho, mai arahar ka sayo." Na riƙe hannunta a kansa har ya saki.

Sakamakon asibiti ya iso bayan mun dawo daga maƙabarta. Smaranda ba ta buɗe ba.