Ɗan Mai Ɗori

Tun da Malam Gwadabe mai ɗori ya rasu, ɗansa Sulle bai ƙara zaman gida da rana ba. Duk Tudun Kaya an yarda ya gaji hannun uban, shi kuwa ya san iyakarsa riƙe ƙafa da miƙa man shanu. Da ya ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ya bi ta bayan danga ya nufi gona, ya bar mahaifiyarsa Turai da ba da haƙuri.

Wasan ɓuyan nan ya fi noma gajiyar da shi. Ya rame, abinci ma sai ya tuttura.

Ran nan ya dawo daga cirar gyaɗa, bayansa kamar zai tsinke, ya tarar da baƙi a zaure. Wani magidanci ne, Halliru, aka ɗauko tun daga Falgore. Amalanke ta kife da shi, hannu ya kumbura, ƙafa na naɗe da tsumma.

Sulle ya wuce ciki da sauri. "Inna, ba ki ce musu ba na nan ba?"

"Na gaji da yi maka ƙarya," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba. "Je ka faɗa musu da bakinka."

Ya daɗe tsaye a tsakar gida kafin ya koma. Aka gaisa, ya yi musu jaje, sannan ya sunkuyar da kai.

"Malam Halliru, gara in gaya maka gaskiya. Ni ba Baba ba ne. Ban taɓa ɗori ni kaɗai ba, tsoro nake ji kada in nakasa ka."

Halliru ya yi murmushin ƙarfin hali, gumi na tsattsafo masa. "Ni ma tsoron nake ji, Malam. Duba dai, abin da ka gani ka faɗa."

Sulle ya yi bisimilla, ya durƙusa. Ya bi ƙashin hannun da yatsa a hankali, bai tuna kowa ba sai abin da ke ƙarƙashin fatar. A tsintsiyar hannu gocewa ce kawai. Ya shafa mai, ya ja, ƙashin ya koma da 'yar ƙara. Halliru ya saki salati, can kuma ya motsa yatsunsa.

Ƙafar ce Sulle ya daɗe a kanta.

"Wannan ta fi ƙarfina. Ƙaurin ya farfashe, sai asibiti a ɗauki hoto."

Wan Halliru ya ja tsaki. "Da tsohon ne da tuni an gama."

"Wataƙila," Sulle ya ce. "Ni dai iyakata ke nan."

Ya ɗaure ƙafar da kara don kada ta motsa a hanya, ya raka su har asibitin Karaye.

Kafin mako maganar ta zaga gari. Wasu suka ce ɗori ya bi Gwadabe kabari, wasu suka ce ai hannun Halliru ya warke sarai. Gyaɗar Sulle na jibge a gona tana jiran sussuka, ga hadari na haɗowa daga gabas, ya ɗauki buhuna ya fita.