Geron da Inna Ta Bari a Jiƙe

Mutane suna cewa ƙanena Tanimu babban mutum ne a gidan talabijin. To, madalla. Ni dai Laraba na san shi tun yana yawo ba wando a Gungun Marke, majina har baki, kuma bayan nan nawa shi ya goye shi. In ka ji an ce darakta, wato shi ne mai tsayawa bayan kyamara yana sa manya maimaita magana har su gaji. Ma'aikatansa suna kiransa Malam A-Sake a bayan idonsa, don ba ya karɓar ɗaukar farko. Ranar da sunan ya iso kunnena ban yi dariya ba. Na san inda ya samo kalmar, na kuma san abin da ta yi mana.

Gungunmu tsibiri ne a tsakiyar Kuwara, ƙasa da Yelwa. Albasa muke nomawa, mu kama kifi, ba mu nemi komai wurin kowa ba. Babanmu Mamuda ya rasu Tanimu yana rarrafe, aka binne shi a gindin giginyoyin bayan gida. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka fara raɗe-raɗin za a tare kogi a Kainji, ruwa zai hau, duk sai mun tashi. Ba wanda ya yarda. Ta ina mutum zai kama Kuwara ya tare ta? Da aka ga ba mu jin magana, sai aka aiko masu majigi su shirya fim, a riƙa nuna wa ƙauyuka cewa tashi abu ne mai daɗi.

Shugabansu wani Bature ne mai jan wuya, tare da tafintansa. Duk yara suka watse da gudu, ban da Tanimu, wanda ya je ya manna idonsa a gilashin kyamara. Shi ke nan, an samu ɗan wasa. Da yake ƙofar gidanmu tana kallon kogi, aka ce Inna ma ta shiga.

Wasan ba shi da wuya. Inna za ta fito da ƙunshi a ka, ta saki asabari, ta shiga kwalekwale ta zauna tsaf tana murmushi. Tanimu zai tsaya a goshin jirgi, ya miƙa hannu ya ce, "Inna, ga sabon gidanmu can!" Sai a tuƙa. In an kai tsakiyar ruwa Bature ya yi ihu, tafinta ya ɗaga lasifika ya ce, "A sake!" Sai a juyo da su. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. In rana ta yi sanyi tafinta ya ce, "An gama!" Inna ta kwance ƙunshinta, wanda ba komai ciki sai tsummoki da ƙwarya, ta shiga girki. Har dabara ta koya: takan jiƙa gero da safe kafin a fara, in an gama ta tarar ya yi laushi ta dama mana kunu.

Sau ɗaya ta yi kuskure. Ta ga an kai inda aka saba juyawa, ta ce wa mai tuƙi ya koma tun ba a ba da umurni ba. Baturen ya yi ta faɗa, tafinta ya juya faɗan gaban dukan gari, ya ce ba a komawa sai an ce. Inna mace ce mai kunya. Ta haɗiye maganar nan, ba ta kuma fito da ita ba.

Damina biyu bayan haka ranar gaskiya ta zo. Tun jajibiri mata suka tafi makwantan mutanensu, suna kuka suna ɗibar ƙasa a ƙyalle. Na ce wa Inna mu je wurin Baba.

"Ke Laraba, mi kika sani?" ta ce. "Sau nawa munka tashi garin ga?"

Da safe ga manyan jirage masu inji, ga ma'aikata da lasifika, har da wani mai ɗaukar hoto. Inna ta dubi Tanimu, tunda shi ne masanin harkar. Shi kuwa gogan naka har ya saka rigarsa ta fim.

"Irin wasan rannan na, Inna," in ji shi. Ba ƙarya ya yi mata ba, shi ma haka ya ɗauka.

Ni na kwashe kayanmu ina kuka, tana yi mini faɗan ɓata wa mutane lokaci. Ta auni gero ta jiƙa a babbar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora dutse. Da na kai hannu zan ɗauka ta buge ni. "Bar shi nan. Mi za mu sha in mun komo?"

A cikin jirgi kowa kuka yake, har maza. Inna kaɗai ta zauna tsaf tana murmushi yadda aka koya mata. Tanimu ya hau goshi ya faɗi maganarsa, ba wanda ya tafa. Da muka kai tsakiyar ruwa na ga Inna ta karkata kunne. Inji ya ci gaba da tafiya.

Aka sauke mu a gaɓa kusa da Wara, a gidajen siminti masu kumburarren rufi, waɗanda da rana sai ka ce tanda. Ruwan bai hau nan take ba. Na roƙe ta mu ari kwalekwale mu je ko sallama ta yi da Baba, ta ce ita ba za a sake kunyata ta ba, ba a komawa sai an ce. Tana wannan jira ruwa ya shanye gonakin albasa, ya shanye gidan, ya haura giginyoyi.

Tanimu bai daɗe da mu ba. Masu majigi sun ce yana da kai, suka tafi da shi Kaduna makaranta, yana fitowa a wasannin yara na talabijin. Da muryarsa ta fashe aka daina sa shi, don ba mai son kallon ƙato yana wasan yara. Wani zai tattara ya dawo gida, shi bai dawo ba. Ya koma jan waya da ɗaukar fitila, daga nan ya riƙe kyamara, a hankali har ya zama mai ba da umurni. Wannan kam na yaba masa, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Yakan aiko da atamfa da sabulu. Wata shekara ya aiko mana da talabijin sukutum don mu riƙa ganin sunansa, ya manta cewa wutar lantarkin da aka tashe mu dominta ta bi ta kanmu ta wuce birni. Akwatin yana nan a lulluɓe, kaza ta taɓa yin ƙwai a kansa.

Kada wani ya ce Inna ta taɓu. Lafiyarta lau. Ita ke taya ni banda kifin da nake kaiwa kasuwar Yelwa, ita ta yi renon 'ya'yana, ba a cutarta ko a kwabo. Abu biyu ne kawai. Ba ta taɓa kiran gidan simintin nan gida ba, sai dai masauki. Sannan duk shekara in ruwa ya ja baya, busassun kawunan giginyoyi suka leƙo can nesa, sai ta ɗauko tsohon ƙunshin nan ta zauna bakin gaɓa. In ka tambaye ta, amsa ɗaya ce: "Na bar gero a jiƙe." In Tanimu ya zo sallah takan ja shi gefe ta ce, "Har yanzu ba su ce ba?" Shi kuma ya yi 'yar dariya, ya miƙa mata goro, ya shiga mota. Ni ake bari da ita. Na ji haushinsa shekara da shekaru, ba zan ɓoye ba.

Da madatsar ruwan Kainji ta cika shekara talatin sai ga shi da farar mota da mai kyamararsa, wani mutumin kirki mai suna Ishaya, wai za su yi shiri kan mutanen da aka tayar. Ya ce yana so ya kai Inna kan gungu a jirgi. Na ja shi bayan ɗakin banda.

"Hawayen uwarka za ka kai ma mutanen birni su kalla suna cin tuwo?"

"Yaya, so nike in hwaɗa mata gaskiya," ya ce, kansa a ƙasa. "Sau nawa ina zuwa da niyya, in na ga idonta sai in kasa. Ni ban iya magana ba in ba bayan kyamara nike ba."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga furfura a gemunsa, na fasa.

Ashe yara sun riga sun gaya wa Inna cewa yanzu Tanimu ne ke riƙe da matsayin Baturen nan. Ta fito fuskarta kamar an kunna fitila. "Ashe yanzu kai ka cewa?" Ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa, ta ɗauko ƙunshi.

Da hantsi muka shiga jirgin Mati, wani mai fito a garinmu. Tafkin ya kwanta lumui, ba tsibiri ba alamarsa. Da muka isa giginyoyin, Mati ya kashe inji ya kama ɗaya da hannu. Tanimu ya yi wa Ishaya alama, ya koma bayan kafaɗarsa ya tsaya. Nan take muryarsa ta sauya, ta zama ta mai ba da umurni.

"Inna, nan na gida. Ƙarƙashinmu shi ke. An gama."

Inna ta dube shi, ta dubi ruwa. Ta tambayi ina ƙofa take, ya nuna mata. Ta juya wajen giginyar da ta fi tsawo, ta tsoma hannu a ruwa har gwiwar hannu, ta fara magana da Baba da Gunganci, harshenmu na gida. Ta ba shi haƙuri ta tafi ba sallama. Ta gaya masa na yi aure, ta lissafa masa jikokinsa da sunayensu, ta ce yaron da ya bari yana rarrafe ga shi nan ya zama mutum. Sannan ta yi kukan da sauran mata suka yi tun wancan jajibirin, ita kaɗai, a makare. Ni ma na sa gyale na rufe fuska. Da ta lafa, ta kwance ƙunshi ta ciro ƙwaryar, tunda ba ƙasar ɗiba ta cika ta da ruwan wurin, ta riƙe a cinya.

A nan ne Ishaya, bawan Allah da bai san komai ba, ya sauke kyamara ya ce a hankali, "Yallaɓai, batir ya mutu tun tana fara magana. Sai dai a sake."

Kunnen Inna ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya take jin sallama. Amma wannan kalmar ta ji ta sarai. Ta ɗago kai. Ta tuntsurar da ruwan ƙwaryar cikin tafki, ta goge fuska da bakin zane, ta ɗaure ƙunshi ta aza a ka. Ta gyara zama tsaf, ta yi murmushin nan da na tsana, ta zuba wa Tanimu ido tana jiran a juya jirgi.

Akwai wani batir a akwati, Ishaya har ya buɗe. Na ga Tanimu ya dubi akwatin. Na san abin da ke ransa, don duk aikinsa bai taɓa samun ɗauka irin wadda ta kuɓuce masa yanzu ba, kuma kalma ɗaya zai faɗa tsohuwar nan ta sake masa komai daga farko. Wallahi da ya faɗa, da na tura shi ruwa.

Ya sa ƙafa ya rufe akwatin. Ya fito daga bayan Ishaya, ya durƙusa gabanta cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, da wandonsa mai tsada. Ya sauke ƙunshin daga kanta. Sai ya yi mata magana da Gunganci, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun yana yaro, kuma irin na yara ya fito, a karye.

"Inna, wannan ba a sake shi. Rannan ba wasa ba ne, ni ma ban sani ba. Ruwa ya ci gidan. Ba za mu koma ba."

Murmushin ya daɗe kafin ya sauka. Ta yi ta kallonsa, shi kuma yana kuka kamar ranar da na yaye shi daga bayana.

"Da kun hwaɗa min," ta ce, "da na ba maƙwabciyata Hansatu geron ga ta dama ma yara."

Ta kwance ƙunshin ta miƙa mini ƙwaryar, na sake cika mata. Ta juya wa giginyoyi baya, ta ce wa Mati ya ta da inji.

Muka kama hanyar gaɓa. Tanimu ya zauna a goshin jirgi, inda ya saba tsayawa yana yaro. Da rufin gidajen siminti ya fara bayyana a gaɓa, na ga leɓensa ya motsa kamar zai faɗi maganarsa ta fim. Inna ce ta ɗaga hannun da ba ya riƙe da ƙwarya, ta nuna.

"Tanimu," ta ce, "ga gidanmu can."