Sa Hannun Laouali

Mandub ɗin kamfani, wato wakilinsu a harkokin hukuma, ya juyo da takardar ta fuskanci Jibirilla, ya ɗora yatsa a kan layi na goma sha bakwai. Ofishin yana hawa na tara a wani dogon gini a arewacin Riyadh, kuma sanyin na'ura ya yi wa Jibirilla yawa, shi da ya saba da zafin ƙarfe da iskar gishiri. Da asuba bas ta sauke shi a tashar Aziziya daga Dammam, ko karin kumallo bai yi ba.

Mandub ya yi masa bayani a hankali, cikin Larabcin da ake yi wa baƙi. Kwamitin gwamnati mai binciken tsaron ma'aikata zai zauna da ƙarfe biyu na rana. Za a tambaye shi yadda ya janyo Laouali daga ɗakin famfo ranar da iskar gas mai guba ta tsiyaya a dandamalinsu na haƙar mai a teku. Ya faɗi abin da ya gani, ya yi shiru. Sauran zance takarda ce za ta yi shi, domin ga ta nan tana nuna an horar da ma'aikata arba'in a kan sabon abin rufe fuska, kuma ga sa hannun Laouali. Idan an horar da mutum ya kasa aiki da abin da aka koya masa, sakacinsa ne. Kamfani ba zai biya tara ba, ba za a dakatar da aiki ba. Sai ya ƙara da cewa, kamar wanda ya tuna a lokacin, iƙamar Jibirilla, wato takardarsa ta izinin zama, saura wata biyu ta ƙare.

"Mafi mushkila, ba matsala, ya Jibril," in ji shi. "Kai jarumi ne. Minti goma ka fito."

Jibirilla ya dubi layin. Harafi ɗaya ne mai doguwar jela da ɗigo biyu a ƙarƙashi. Ya san shi fiye da kowa, domin hannunsa ne ya rubuta shi.

Haka ake yi a dandamalin tun kafin ya zo. Foman yakan kawo takardar halarta ɗakin cin abinci da safe, ta zagaya tsakanin kofunan shayi. Waɗanda suka sauka daga aikin awa goma sha biyu suna barci, kuma babu mai son a tashi ɗan'uwansa saboda takarda, don haka kowa yakan sa wa abokinsa hannu. Foman ya sani, yakan kau da kai. Shekara uku Jibirilla yana yi wa Laouali wannan alheri. Horon nan kuwa ba a taɓa yin sa ba. An ɗage shi sau biyu saboda aiki ya matsa, takardar kawai ta zagaya. Ranar da ƙararrawa ta buga, Laouali ya sa sabon abin a fuska daidai, amma bai san cewa sai an murɗa wani ɗan makulli a gefen hagu iska take zuwa ba, domin tsohon ba shi da shi.

Daga ofishin ya hau tasi zuwa asibitin da aka mayar da Laouali. Ya same shi zaune a bakin gado yana ƙoƙarin kai cokali baki, hannun dama yana rawa. Maganarsa ta yi nauyi, amma idonsa na nan yadda yake. Shi Bagobiri ne daga Tibiri, Jibirilla kuwa Bakatsine daga Dutsin-Ma, kuma tun ranar da suka haɗu ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Bawana ya zo," in ji Laouali. "Ina tsarabar ubangidanka?"

"Ubangidan da cokali ya gagara? Kawo nan."

Ya karɓi cokalin ya ba shi a baki. Laouali ya ba shi labarin cewa masu bincike sun zo sau biyu. Ya gaya musu bai tuna an yi wani horo ba, sai lauyan kamfani ya ce ai gas ɗin ta taɓa masa tunani. Da suka nuna masa sa hannun, bai ce nasa ba ne, bai kuma ce ba nasa ba ne. Ya san idan laifin ya tsaya a kansa ba za a ba shi diyya ba, zai koma wurin matarsa Zouera da 'ya'yansu biyar da hannun da ba ya riƙe fartanya. Duk da haka ya kama hannun rigar Jibirilla da na hagu, ya riƙe da ƙarfi.

"Kada ka faɗa, Jibo. Gida ɗaya ya faɗi, ya isa."

Jibirilla ya goge masa baki da tawul, ya ce masa ya gama abincinsa, Gobirawa ba su iya ba da shawara da yunwa ba.

Azahar ta riske shi a unguwar Batha, a shagon Alhaji Dalhatu, abokin mahaifinsa, wanda ya shekara talatin yana sayar da akwatuna da barguna ga masu komawa gida. Bayan sun idar da salla dattijon ya sa aka kawo shinkafa da kaza, ya saurari zancen duka bai katse shi ba. Sannan ya faɗi nasa. A ƙasar nan, in ji shi, sa hannu a madadin wani a takardar da ta isa gaban hukuma ba wasa ba ne. Mafi sauƙi a kore shi, kada ya sake shigowa, kuma ana iya tsare shi kafin nan. Ya tuna masa da matarsa Bilƙisu da yara huɗu, da mahaifiyarsa da ake kai wa wankin ƙoda Katsina kowane mako. Babu wanda ya ce ya yi ƙarya. Za a tambaye shi abin da ya gani, ya faɗa; abin da ba a tambaye shi ba, ba a kansa yake ba.

"Baba," in ji Jibirilla, "ƙaryar ai na riga na yi ta. Tana kan teburinsu, da hannuna. Shiruna shi ne rantsuwarta."

Dattijon ya daɗe yana kallon titi, inda 'yan Bangaladash ke sauke kwalaye daga mota. Daga bisani ya tashi, ya janyo ƙofar shagon ya kulle, ya ce a kawo masa sandarsa, zai raka shi. Idan aka tsare mutum, ya kamata a sami wanda ya ga ƙofar da aka shiga da shi.

Ɗakin kwamitin bai kai yadda Jibirilla ya zata ba: dogon tebur, mutum uku, tulin fayil, da kwalaben ruwa. Shugaban injiniya ne mai furfura a gemu, wanda ba ya ɗaga murya. Mandub da lauyan kamfani suna gefe. Tafinta wata mata ce mai suna Khairat, wadda aka haifa a nan. Hausarta ta gidan kakanni ce, tana tsayawa ta nemi kalma, amma ba ta rage komai.

Ya ba da labarin ƙararrawa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, da yadda ya ƙirga mutane a wurin taruwa ya ga mutum ɗaya ba ya nan, da yadda ya janyo Laouali ta kafaɗa a kan matakala. Shugaban ya yi masa godiya, ya rufe fayil, ya ce zai iya tafiya. Ko minti goman ba a cika ba.

Jibirilla bai tashi ba. Ya yi bisimilla a zuci, ya roƙi a ba shi farar takarda da biro. Khairat ta dube shi kafin ta fassara. Aka miƙo masa. Ya rubuta harafin mai doguwar jela, ya ɗiga ɗigo biyu, ya sake rubutawa sau uku a ƙasa, ya tura takardar gaban shugaban.

"Ki gaya masa ya haɗa da layi na goma sha bakwai," in ji shi. "Laouali yana barci lokacin. Kuma ba a yi horon ba, ni ma ban halarta ba."

Lauyan ya miƙe yana magana da sauri; shugaban ya ɗaga tafin hannu, lauyan ya koma ya zauna. Aka jera takardun biyu gefe da gefe. Tambayoyin da suka biyo baya sun ci fiye da awa ɗaya: tun yaushe ake haka, wa ke kawo takardar, ko foman yana wurin. Jibirilla ya amsa duka. Da aka tambaye shi sunayen sauran masu sa wa juna hannu, ya ce shi nasa ya zo faɗa, amma idan aka haɗa takardun da jadawalin masu barci, za a gane ba sai da bakinsa ba. Shugaban ya rubuta wannan.

A ƙarshe ya sanar cewa kwamiti ba zai karɓi takardar horon a matsayin hujja ba, za a sake buɗe batun tara da na diyya, kuma za a tura masu bincike dandamalin cikin mako. Batun Jibirilla kuwa za a miƙa shi ga ofishin da ya dace. Kada ya bar Riyadh. Mandub yana ta danna wayarsa, bai sake kallon inda yake ba.

Magatakarda ya bugo bayaninsa, shafi uku cikin Larabci, ya nuna masa inda zai sa hannu, yana duban agogo, domin lokacin tashi ya wuce. Jibirilla ya ajiye biron, ya tura shafukan gaban Khairat.

"Malama, don Allah ki karanta mini."

"Duka?" in ji ta.

"Duka. Daga layin farko."

Magatakardan ya koma ya zauna. Ta gyara tabaranta, ta fara.