Ƙuri'a a Kan Barcin Inna

Ni dai tun shigowarsa ban so likitan nan ba. Ya turo ƙofa yana murmushi, takalminsa na roba yana ƙara a kan tayil, ya jawo kujera ya zauna gefen gadon Inna kamar wanda ya zo gaishe da surukarsa. Tsohuwa tana kwance da karyayyen ƙugu, ina abin murmushi a nan?

Inna mahaifiyata ce, tela ce, kuma taurin kai ne ya kai ta gadon. Ta hau kujera za ta sauko da yadi daga saman kantar shagonta, kujerar ta goce. Sau nawa na ce mata ta riƙa kiran wani? Sai ta ce ita ba ta tsufa ba, idonmu ne ya tsufa. Wannan matar, tun da aka haife ni ban taɓa sa rigar da ba ita ta ɗinka ba. To, ban da guda ɗaya. Kwanakin baya na gaji da ɗinkinta na mutanen da, na saci jiki na kai yadi wurin wani tela, na karɓo rigar na cusa ta can ƙasan akwati. Ko ƙanena Auta bai sani ba, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Likitan ya ce shi ne mai sa barci, shi zai kula da ita gobe a ɗakin tiyata. Ya tambayi magungunan da take sha, ya leƙa bakinta, ya saurari ƙirjinta. Sannan ya ce akwai wata magana, kuma in Inna ba ta so, ba abin da zai ragu daga kulawar da za a yi mata.

"Muna wani bincike ne, mu da wasu asibitoci. Tsofaffi da yawa, in suka farka daga tiyata, sai kansu ya rikice na ɗan lokaci. Muna so mu gane ko zurfin barcin da muke sa su yana da hannu a ciki."

Ba sai an yi mana bayanin wannan rikicewar ba, mun gan ta a gidanmu. Shekarun baya aka yi wa Baba aiki a ciki. Ya shiga yana tsokanar nas, ya fito yana tsintar zanin gado da yatsu, yana kallon Inna yana tambayar wace ce wannan matar. Aikin ya yi kyau, ciwon ya warke, amma Baba bai dawo mana yadda ya tafi ba har Allah Ya karɓi abinSa. Tun da aka ce za a sa Inna barci, ba ƙugun nake tsoro ba. Tsorona ta buɗe ido ta ce wace ce ni.

Likita ya ci gaba. Ya ce za a manna mata wani ɗan abu a goshi mai nuna nisan barcinta. Rabin waɗanda suka shiga binciken za a riƙe su a barci mai ɗan sauƙi, rabi kuma mai ɗan zurfi, kuma a duka biyun ba wanda zai ji wuƙa ko ya san abin da ake yi.

Na ce, "To wanne za ka yi mata?"

"Ba ni zan zaɓa ba. Kwamfuta ce za ta fitar, kamar ƙuri'a."

Kai! Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ƙuri'a? A kan uwata? Duk karatun da ka yi, ƙarshensa ka zo ka ce mana canki-canki za ka yi da kan tsohuwa? Tashi ka ba mu wuri, malam."

Auta ya kama hannuna. "Yaya, don Allah, ana jin ki har waje."

"A ji mana!"

Inna ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan gado. "Barkono, zauna." Haka take kirana tun ina yarinya, kuma in ta faɗa da wannan muryar, ko a gaban ɗalibaina nake sai na zauna.

Likitan bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya ce, "Malama, da na san wanda ya fi, wallahi shi zan yi mata, kuma da haramun ne in jefa ƙuri'a. Ban sani ba. A asibitin nan wasu cikinmu sun fi son barci mai sauƙi, wasu sun fi son mai zurfi, kowa da hujjarsa. In aikin ya faɗo ranar aikina, ta sami nawa. In ya faɗo ranar abokin aikina, ta sami nasa. Kin ga ƙuri'ar dama ana jefa ta kullum. Bambancin kawai, ba wanda yake bin sawu ya ga abin da ta haifar."

Na koma na zauna.

Inna ta ce, "Ɗan nan, mijina da aka yi wa aiki ya rikice, wane iri aka yi masa?"

"Ban sani ba, Inna. Da wuya a sami wanda ya sani yanzu."

Ta kalli silin. Can ta ce, "Wato ya sha wahalarsa, mun sha tamu, ba wanda ya ƙaru da komai." Ta juyo gare ni. "Miƙo mini tabarau, in ga inda zan sa hannu."

Na ce, "Inna, ki yi tunani."

"Na yi. Ni in na yanka yadi ya lalace, ba na zubar da shi sai na gano inda almakashi ya kauce. A sa ni a ciki."

Bayan fitarsa wata nas ta shigo, doguwa mai sanyin murya, ta ce ita ce mai gwajin binciken. Za ta yi wa Inna tambayoyi yanzu, ta sake yi bayan aiki, a gwada. Ita kanta ba za a gaya mata irin barcin da aka yi wa Inna ba, don kada zuciyarta ta karkata. Ta tambaye ta inda take, da ranar da ake ciki, sannan ta ce ta lissafo ranakun mako da baya-baya.

"Lahadi, Asabar, Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata, Litinin," in ji Inna, ko numfashi ba ta ja ba. "Shi ke nan jarrabawar? Ai ko Auta zai ci wannan."

Washegari da safe aka tura ta. Kafin ƙofa ta rufe, likitan ya tsaya a gabana da hularsa ta takarda, ya ce akwai abin da an riga an gano yana taimako, kuma wannan aikinmu ne mu 'yan uwa. Ta farka ta ga fuskar da ta sani. A sa mata tabarau. A buɗe labule ta ga rana. A riƙa gaya mata inda take da abin da ya faru, ko da ta tambaya sau ɗari. Na ce a ina suka san wannan? Ya ce daga iyayen wasu da suka yarda aka bi sawunsu.

Aiki ya yi kyau, haka mai tiyata ya ce. Inna ta farka, ta sha ruwa, ta koma barci. Na fara sakin jiki.

Da ta sake farkawa da yamma, sai ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ki taimaka ki rufe mini shago, ruwa zai shiga."

Na ce, "Inna, ni ce."

Ta yi mini murmushin da take yi wa masu kawo ɗinki. Sannan yatsunta suka fara tsintar zanin gado, daidai yadda Baba ya yi. Nas mai gwaji ta zo ta ce a lissafo ranaku, Inna ta ce Lahadi, ta tsaya, ta ce wa ya ɗauke mata almakashi.

Na fita a guje. Na tarar da likitan a baranda yana wanke hannu, na tsaya a kansa. "Wanne kuka yi mata? Gaya mini wanda ƙuri'arku ta ba ta!"

Wannan karon babu murmushi. Ya goge hannu, ya ce, "Na sani, ni na sa ta barcin. Da sanin zai canza maganin da za mu ba ta yanzu, da tuni na faɗa wa kowa. Ba zai canza ba. Wannan abin yana samun mutane a ɓangarorin biyu, kuma daga mutum ɗaya ba a gane komai, sai an haɗa su da yawa. In kin matsa zan gaya miki. Amma ita ta ce a sa ta a ciki, kuma ta faɗa da hankalinta."

Na so in mare shi, Allah Ya sani. Na so a ce ga wanda ya yi laifi in kama. Ya ce sun duba jininta, sun duba numfashinta, sun canza maganin ciwon da suke zargi, kuma ga yawancin mutane abin yana washewa. Sannan ya ce, "Ina tabaraunta?"

Yana cikin jakata. Na manta da shi sarai.

Na koma na sa mata. Na ja labule har ƙarshe. Na aiki Auta shago ya ɗauko tef ɗin awonta, wanda lambobinsa suka goge don tsufa, na rataya mata a wuya. Na zauna na fara: "Inna, asibiti kike. Kin faɗo daga kujera. An gyara ƙugun. Ni ce Barkono, wannan Auta ne." Ta ce to. Jim kaɗan ta ce baiwar Allah, a rufe shago. Na sake daga farko. Ni da a aji ba na maimaita magana sau biyu sai na daki tebur, na wuni ina maimaita abu ɗaya har muryata ta dushe. In kuka ya zo mini sai in shiga banɗaki in buɗe famfo.

Haka muka yi kwanaki. Wani lokacin sai ta kalle ni kamar sunana yana bakin harshenta, sai ya kuɓuce. Nas mai gwaji tana zuwa safe da yamma. Rannan Inna ta kai Juma'a kafin ta ɓace, nas ta ce an samu ci gaba. Na ce mata ni ba Juma'a nake nema ba.

Kayan da na zo da su duk suka yi datti. Na ce wa Auta ya je ɗakina ya ɗauko mini kowace riga ya gani. Wannan yaron, duk rigunan da ke rataye bai gan su ba, sai da ya tona akwati har ƙasa ya zaƙulo wadda na ɓoye. Na zage shi tas, na sa, don ba ni da wata.

Da hantsi ina zaune a bakin gado, rana ta shigo har kan bargo, ina cikin karatuna na kullum. "Inna, asibiti kike. Kin faɗo daga kujera." Hannunta ya bar zanin gado ya kamo bakin rigata. Ta fara tsinta. Na kau da kai, don na gaji da ganin wannan tsintar.

Sai na ji ta juya bakin rigar ciki ya koma waje. Ta bi ɗinkin da babban yatsa, a hankali, tun daga gefe har gaba. Ta gyara zaman tabarau. Ta ja zaren da ya yi saura, ta ɗaga shi sama tana dubawa.

"Barkono."

Na juyo da sauri.

"Wa ya ɗinka miki wannan?"

Auta ya miƙe daga kujera, bakinsa a buɗe.

"Tambayarki nake. Dubi kalmasa kamar an yi da ƙafa. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ina raye, ina da keke, ki kwashi yadi mai tsada ki kai wa wani ya wulaƙanta shi? Nawa ne shekarunki da za ki fara ha'intata?"

Na faɗa a ƙirjinta na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Tana cewa in ɗaga ta, ƙugunta, ƙugunta, wai me aka yi wa yarinyar nan ne, Auta kuma yana dariya yana share ido da hannun riga.

Nas mai gwaji ta shigo ta same mu a haka. Inna ta lissafo mata ranakun, ta ɗan yi tuntuɓe a Laraba, ta koma ta gyara da kanta. Da likitan ya leƙo da yamma, ta ce masa, "Ɗan nan, ka rubuta nawa da kyau. An ce na ɓata na dawo. Ka rubuta duka, kada ka rage don kunyata."

Ya ce an rubuta. Ya ce sakamakon zai ɗau lokaci, sai an gama da mutane da yawa, amma in ya fito za a sanar da mu. Ya dube ni. "Malama, har yanzu kina so ki san wanda aka yi mata?"

Na ce ya riƙe abinsa. Na kuma ce ya yi haƙuri da abin da na faɗa masa, ko da yake a ƙasa-ƙasa na faɗa, kuma ina kallon taga.

Bayan ya fita Inna ta zare tef daga wuyanta, ta ce in matso in miƙa hannu. Ta auna na dama, ta auna na hagu, ta yi tsaki.

"Cire ta ki ba ni," in ji ta. "Auta, nemo mini reza. Sai na warware ta gaba ɗaya."