Littattafai Marasa Ƙarshe

A shekarar da En'e ta buɗe ɗakin karatu a Kontagora, mazan gari suka sami sabuwar sana'a wadda ba ta bukatar jari: kama masu kisan kai. Ba wai an kashe kowa a garin ba. A cikin littafi ake kisan, su kuma suna zaune a kan benci suna kamawa.

Duk wata akwatin katako yakan taso daga Zariya, jirgi ya sauke shi a Zungeru, motar wasiƙu ta ƙaraso da shi. A ciki akwai littafin noman gyaɗa, da na tsabtar rijiya, da na yadda ake haƙa masai. Waɗannan kam an kiyaye mutuncinsu, ba wanda ya taɓa ɓata su da yatsa. Sai kuma sababbin nan na binciken laifi, 'yan sirara masu jan bango. A kansu ake rububi.

Malam Tanimu ne mai kula da ɗakin, ɗakin kuwa manne yake da gidansa, da taga ɗaya mai kallon tsakar gida. A ƙarƙashin tagar nan matarsa Barakatu take daka, take tankaɗe, take yi wa 'yarsu Saudatu kitso. Saboda haka duk gawar da aka tsinta a cikin littafi, sai da ta biyo ta kan turminta. Ta iya karatun boko, don ta yi ajin mata na yaƙi da jahilci, amma ba wanda ya taɓa tambayarta ra'ayinta, ita ma ba ta ce a tambaye ta ba.

Matsalar ta fara da "Gawa a Cikin Rumbu". Ana cikin karanta shi a bainar jama'a bayan la'asar, mai binciken ya tara mutanen gidan, ya ɗaga yatsa zai nuna mai laifi, sai littafi ya ƙare. Shafi huɗu na ƙarshe babu su. Wata ya zagayo, "Wa Ya Kashe Mai Gishiri?" ya bi sahu. Sannan "Sawun Takalmi Ɗaya". Littafi uku, gawa uku, ba mai laifi ko ɗaya.

Da gari ya shiga wani hali, ba don Allah ya albarkace shi da Khalilu tela ba. Shi kam sai ya lumshe ido, ya shafa gemu, ya ce, "Ai a fili yake. Ƙanen matar ne. Ba ku lura da igiyar rijiya ba?" Da wani malamin makaranta ya zo daga Bida, wanda ya karanta littafin cikakke, ya ce wallahi ƙanen matar ne, sai sunan Khalilu ya tashi. Rumfarsa ta bakin kasuwa ta cika. Mutum ya je jin ƙarshen labari, ya dawo an auna shi riga.

Khalilun ne kuma ya gano mai yaga littattafan, kyauta, ba a ko roƙe shi ba.

"Malam Tanimu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi, da murya irin ta mai ta'aziyya. "Wa yake shiga ɗakin nan ba a kula da shi? Wa ba a zato? A littafi kullum wanda ba a zato ne. 'Yar nan taka ce."

Shekarar Saudatu huɗu. Babban laifin da aka taɓa kama ta da shi shi ne cin ƙasa.

Barakatu ta ajiye taɓarya tana jira ta ji mijinta ya yi dariya. Abin da ta ji shi ne, "Lallai biri..." sai ya fasa, ya ce, "Lallai maganarka abin dubawa ce."

Washegari Malam Ndagi, magatakardan En'e mai duba ɗakin karatu, ya zo ya ce littattafan hukuma ba abin wasan yara ba ne; in aka ƙara, zai rubuta rahoto. Tanimu ya shigo gida da fuskar alƙali.

"Na yanke shawara. In aka sake yaga wani, Saudatu za ta koma Dukku wurin Yaya Rabi'atu. Can za ta zauna har ta yi hankali."

"Har ta yi hankali, Malam? Shekara nawa ke nan?"

"Yadda ta kama."

"Ka duba littattafan kuwa?"

"Sau uku-uku na karanta su."

"Ban ce ka karanta ba. Ka duba?"

Ya ce ita ba ta san kan bincike ba, ya fita.

Da azahar, da ya tafi masallaci, ta sa aka miƙo mata littattafan ta taga. Ta san yagar Saudatu sarai. Ta ga abin da yarinyar ta yi wa kalandar gidan, kamar akuya ta bi ta kai. Wannan kuwa yanka ne, miƙaƙƙe, sumul, a bi ɗaya daga sama har ƙasa. Kuma a duk ukun, an fara shi daidai inda mai bincike ya buɗe baki. Wato 'yarta, wadda ba ta bambanta baƙi da wasali, ta san inda labari ya fi daɗi. Ai da sai a kai ta Zariya ta riƙa rubuta musu.

Ta kuma san wanda yakan ce wa Tanimu, "Je ka yi sallarka, Malam, ni na riga na yi, zan tsare maka ɗaki." Amma ta san in ta faɗa, za a ce mace ce ke kare 'yarta. Maganar da mazan nan suke ji ita ce wadda ta fito daga bakinsu.

Sai ta leƙa gidan Gogo, tsohuwar Banufiya mai sayar da daddawa, wadda takan je Ibeto saro kalwa.

"Gogo, in za ki ranar Litinin, ki tafi mini da Saudatu wurin Innata. Kwana biyar. Amma kada kowa ya ji."

"Ke 'yar nan, don kada a raba ki da yarinya, shi ne za ki raba kanki da ita?"

"Kwana biyar ne, Gogo. Wancan kuwa ba ranar dawowa."

Tanimu ya yarda nan take. Ya ce ma hakan ya yi, ta fara sabawa. Ta roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don kada a ce sun gudu da mai laifi, ya ce wannan tunani ne mai kyau, da ma ya yi shi.

Litinin da sassafe Gogo ta goya yarinyar suka bi motar Ibeto. Barakatu ta koma ɗaki ta yi kukanta ta gama, ta wanke fuska, ta wanke 'yan rigunan Saudatu waɗanda ba su yi datti ba, ta shanya su a igiyar da ake hangowa ta taga. Kullum da hantsi sai a ji ta: "Saudatu! Sauko daga nan! Saudatu, ajiye wannan!" Kaji su ɗago su dube ta, su ci gaba da kiwo. Manyan masu binciken Kontagora, waɗanda ke gane mai kisa daga tokar taba, suka yi kwana uku ba wanda ya lura bai ji muryar yaro ba a gidan.

Laraba akwati ya iso. Sabon littafi: "Makullin Ɗakin Ajiya". Barakatu ta ce wa mijinta ya ƙirga shafukansa a gaban Malam Ndagi kafin ya ɗora shi a kan kanta. Aka ƙirga, sittin da huɗu cif.

Alhamis da la'asar suka zama sittin.

Ɗaki ya cika. Malam Ndagi ya zo da alƙalami a kunne. Tanimu ya tsaya riƙe da littafin kamar an ba shi gawar jariri. Khalilu ya lumshe ido, ya shafa gemu.

"Ban so in yi magana ba. Amma amana ce. Ɗazu da azahar ina zaune a nan, na ga yarinyar ta shigo."

"Da idonka?" in ji Malam Ndagi.

"Da idona. Da 'yar jar rigarta. Na ce mata kul, ashe ta faki idona."

Tanimu ya dubi Khalilu. Ana iya ganin maganar tana tafiya a cikin kansa a ƙasa, ba ta sami mota ba.

Daga bayan taga aka yi sallama.

"Malam Ndagi, a gafarce ni, ni ce matar gidan. Tambaya ce da ni wurin Malam Khalilu, tun da shi ne mai gani. Jar rigar, mai ɗigo-ɗigo ko mai zane?"

"Mai ɗigo-ɗigo," in ji Khalilu, idonsa a kan igiyar shanya.

"Madalla. Ga ta can a shanye tun Litinin. Mai rigar kuwa tana Ibeto wurin kakarta, yau kwana huɗu. Direban mota ya gani, Gogo ce ta kai ta. Sai dai in ta zo a ƙasa da azahar ta yanka ta koma."

Kowa ya leƙa ta taga ya dubi igiyar.

"To wa kike ta kira kullum?" wani ya tambaya.

"Kewa ce, Baba. Uwa ce ni." Sai ta koma kan magatakarda. "Malam Ndagi, a dubi bakin yankan. Ni dai a gidan nan wuƙar yanka kuɓewa gare ni. Ban san mai dogon almakashi a unguwar nan ba, sai ko masu bincike su taimaka."

Kawuna wajen ashirin suka juya wajen Khalilu.

Malam Ndagi ya ce a taka zuwa bakin kasuwa. A cikin aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zare da maɓallai, aka sami shafi goma sha shida a ninke, an ɗaure su da ƙyalle. Khalilu ya ce adana su ya yi saboda gara. Malam Ndagi ya ce lallai garar Kontagora ta yi ilimi, tun da ƙarshen labari kaɗai take ci, ya zaro alƙalami daga kunne.

Da yamma Tanimu ya shigo yana murmushi.

"Kin san tun farko jikina ya ba ni tela ne?"

"Na sani, Malam. Shi ya sa ka ce a kai Saudatu Dukku, don ya saki jiki."

"Yawwa! Kin gane ke nan."

"To yanzu maganar Dukku fa?"

"Wace Dukku? Wa zai kai 'yarsa Dukku?"

Ta sa shi ya maimaita, a tsakar gida, da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.

Ita aka ba aikin mayar da shafukan, don ba wanda ya ƙara yarda da tela. Ta ɗinke su da allura da farin zare, tana ɗinki tana karantawa. Na mai gishiri shirme ne, in ji ta: matar da ta ga mijinta bai taɓa tuwo ba kwana biyu ai ba ta jiran Bature mai bincike ya zo ya gaya mata akwai magana. Na rumbu da na makulli kuwa sun cancanci a karanta su, musamman yanzu da suke da ƙarshe. Malam Ndagi ya ji wannan ta taga, ya rubuta a rahotonsa, ya sa sunan Tanimu a ƙasa.

Jumma'a da hantsi motar Ibeto ta tsaya. Barakatu tana bakin zaure tun kafin ƙura ta kwanta. Gogo ta sauke Saudatu, yarinya ta sheƙo da gudu, hannu ɗaya da rake, baki duk jar ƙasa.

Barakatu ta ɗauke ta, ta share mata bakin da gefen zane, ta ƙi sauke ta har aka kira azahar.